Soron da Muka Kai Kan Dutsen Mampon

Shekarar da lori ya fara hawa dutsen Mampon, a ita na fita takaba, na kuma rantse ba zan ƙare rayuwata ina dama koko a lungun Zongon Kumasi ba. Na taɓa bin mijina hanyar Salaga, na ga yadda fatake ke isa saman dutsen da kayan goro, a gajiye, babu inda za su miƙe haƙarƙari. Ga akawuna sun fara zuwa ran Lahadi shan iska, su tsaya bakin gangare suna kallon daji kamar ba su taɓa ganin itace ba. Na ce masauki zan gina a can.

Sarkin ƙauyen da ke saman dutsen ya ba ni fili da sharaɗi ɗaya: in damina ta wuce babu ɗaki tsaye da baƙo ya kwana a ciki, fili ya koma hannunsa.

Yayana magini ne, kansa kuma ya fi dutsen tauri. Ya ce soro za mu yi, rufin ƙasa shimfiɗaɗɗe irin na gidan kakanmu a Kano, gidan da daga ni har shi babu wanda ya taɓa gani.

"Bahaushe ya hango soro daga nesa, ya san ya zo gida," in ji shi.

Maganar ta shige ni, don haka ba zan ɗora masa laifin shi kaɗai ba.

Akwai wata tsohuwa Ba'asantiya mai gasa ayaba a bakin hanya. Ta ga muna jidar laka zuwa sama, ta ce mini da Hausarta ta kasuwa, "Maame, ƙasa yana zama ƙasa. Ruwan nan bai san soro ba." Muka yi mata dariya.

Ruwa ya sauko kwana uku bai ɗauke ba. Da hantsin na huɗu rufin ɗakuna ukun da muka gina ya rufto, ina tsaye ina kallo. Na yi kuka sosai, na baƙin ciki da na kunya.

Yaya ya fara tattara kayan aikinsa. "Tashi mu koma Zongo."

"Ka gaida gida, Yaya. Ni ina nan."

Na je na durƙusa gaban tsohuwar. Ba ta goranta mini ba. Ta nuna mini inda ake saran gora, da yadda ake jera ganyen tukurwa a rufi mai tsini, ruwa na taɓawa ya gangare.

"Mutanen Zongo za su ce 'yar Malam ta koma bukka," in ji Yaya.

"Su ce. A bukkar za su kwana."

Na ɗaure zani tamau na hau bango da kaina, tafin hannuna duk ya tsattsage. Kwana biyu yana zaune a gindin itace yana hararata. A na uku ya hawo, ya fizge igiyar daga hannuna, ya ce ɗaurina ko kaza ba zai riƙe ba.

Ɗaki ɗaya muka iya gamawa. Damina na shirin tafiya, wata la'asar ana tsuga ruwa, wani dattijon falke ya iso da mutanensa a jiƙe sharkaf. Suka kwana, ko ɗigo bai taɓa goronsu ba. Da safe sarki ya zo ya leƙa, ya ga tabarma a bushe, ya ce fili nawa ne.

Da Yaya ya ji dattijon haifaffen Kano ne, sai ya matsa kusa da shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, a yi mana haƙuri, ba mu samu yi muku soro ba."

Dattijon ya ɗaga kai ya dubi rufin. "Soro? A wannan ruwan? Ai sai wanda bai taɓa kwana a soro ba."

Yaya ya miƙe. Ya ɗauki adda ya tafi saran gorar ɗaki na biyu.