Wandon da Za a Shiga Kogi da Shi

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan. In na ɗauki biro sai in ajiye, ina tsoron a ce babba da ni ina zancen wando a bainar jama'a. Karatuna ma bai wuce firamare ba. Amma damina ta kusa, gonarmu tana ƙetaren kogi, kuma ɗana Isiyaku ya isa zuwa gona. Shi ya sa na daure.

A Fagam na tashi, a hannun kakata Inna Delu. Bayan magariba takan zauna gindin murhu tana gasa mana gyaɗa a toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take fara tsokana.

"Kai mijin banza, matso. Cefane ba ka yi, sai miƙa hannu."

Tatsuniyar da muka fi roƙo ita ce ta mai buje. Wani ango ne zai je gaida surukai a ƙetare, ya sa sabon buje, wandon nan na saƙi mai faɗi. A lokacin masu fito bante kawai suke ɗaurawa. Suka ce ya tuɓe, ya ɗora kayansa a ka. Sai ya hango surukarsa tana wanki a wancan gefen.

"Ni in tsaya da bante gabanta? Allah ya kiyaye!"

Ya faɗa ruwa da bujensa. Buje ya cika kamar salka, ya fara jan shi ƙasa. Allah ya kawo shanun Fulani suna haye kogin, ya cafki wutsiyar wani sa. Ruwa ya zare wandon ya tafi da shi. Haka ya fito gaban surukar, ba buje ba bante.

Mukan yi dariya har mu kife. Kullum sai na tambaya, "Inna, sai ta ce me?"

"Me za ta ce? Ƙwarya ta miƙa masa. Kai ma da wannan ƙafafun naka kamar sillen kara, kada in ji an ce ka shiga ruwa da kaya."

Ni ban taɓa ɗaura bante ba, a zamaninmu ya riga ya zama abin dariya. Da gajeren wandon makaranta na kaki muke shiga kogi. Daga baya 'yan gwanjo suka fara kawo mai santsi daga Birnin Kudu, irin na 'yan ƙwallo mai raga a ciki, kafin ka isa gida ya bushe. Sannan aka yi ta tunatar da mu cewa al'aurar namiji daga cibiya ne zuwa gwiwa. Gaskiya ne, ban musa ba. Samari suka koma wanda ya wuce gwiwa, mai aljihu a cinya, wasu ma jins.

Da jins ƙanena Habu ya shiga kogin bara. Ya fi ni iya ruwa. Washegari aka same shi can ƙasa, a jikin saiwar wata bishiya, aljihunsa cike da yashi. Ni na yanke wandon kafin a yi masa wanka. Yadin ya yi tauri, almakashin ba kaifi. Mata suna kuka a cikin gida, ni ina tunanin inda zan aro wani almakashi. Har yau ban yi kukan ba.

Ban ce wando ne ya kashe shi ba. Kwana ne ya ƙare. Amma da ina ɗauka angon nan wawa ne, yanzu na ga kunya ce kawai, irin tawa, irin ta Habu. Shi angon dai ya samu wutsiyar sa ya kama. Ranar Habu babu shanu a kogi.

Shekaranjiya Isiyaku ya zo mini da wando biyu a hannu.

"Baba, wanne zan riƙa sawa? In na sa gajeren, abokaina su Sani su ce tsirara nake. Malam ma ya hana."

Na daɗe ina kallon su. Na ce ya bari tukuna. Na san kogi ba zai jira ni ba. Ba zan iya ce wa yaron ya buɗe cinya ba, kuma bakina ya ƙi ce masa ya sa dogon.

To, ina roƙo. Idan akwai tela ko masunci, a Gwaram, Maruta ko Birnin Kudu, da ya san wani yadi ko wani ɗinki da yake rufe gwiwa amma ba ya riƙe ruwa, don Allah ya sanar da ni ta inda ya ga wannan rubutu. Ya faɗa mini sunan yadin, da yadda ake yanka ƙafar. Yaron siriri ne, bai kai kafaɗata ba.