Azumin Mama da Sojojin Babila

Shekarun baya can, lokacin da na haifi ɗana na fari, mahaifiyata ta zo mini jego daga ƙauyenmu na kudancin Kaduna. A Germantown muke a lokacin, can ƙasar waje, a wani ɗan gida a saman bene. Ba ta zo da niyyar daɗewa ba. Ko rigar sanyi ba ta yarda na saya mata ba, wai kafin sanyin namu ya iso ta koma, citta na jiran ta a gona.

Ana cikin haka aka kira mu daga gida. Mahara sun shiga garin, sun ƙone gidaje da rumbuna da coci, mutane sun watse. Ƙanen Mama, kawuna, yana cikin waɗanda aka kashe. Yayana ya ce mini a waya, "Kada ki bari Mama ta hau jirgi. Babu inda za ta sauka."

Duk Asabar da yamma muna da taron karatun Maganar Allah da Hausa a Mitchellville, a gidan wani dattijo mutumin Filato da kowa ke ce wa Baba. Na ɗauki Mama na kai ta, don ta ji Hausa a bakin wasu ko zuciyarta ta yi sanyi. Ashe a makonnin nan ana cikin littattafan annabawa ne, wurin da ake faɗa wa mutanen Yahuza cewa sojojin Babila na tafe, kuma Allah ne da kansa ya taso su saboda jama'arsa sun juya masa baya. Baba ya gama karatu, ya cire tabarau, ya ce, "'Yan'uwa, kada mu ruɗi kanmu. Abin da ke faruwa a gida bulala ce. Da Ubangiji bai buɗe ƙofa ba, da ba wanda ya shigo."

Raina ya ɓaci, amma na haɗiye, ina ta jijjiga jariri. Sai da muka hau babbar hanya za mu koma gida Mama ta ce, a hankali, "Ashe haka ne."

Washegari ta ƙi karyawa. A wajenmu, in masifa ta sauka, matan zumuntar coci kan ɗauki azumin tuba, ba ci ba sha daga safe har faɗuwar rana. Shi Mama ta ɗauka, ita kaɗai, a madadin gari guda. Ga ta da ciwon suga, ga ni kuma nas, na san abin da hakan ke nufi. Kwanaki suka zama makonni. Ta zauna a gefen gado tana tono laifin garinmu: masu dafa burkutu ran Lahadi, rigimar gona tsakanin gida biyu, har gaisuwar da ta daina yi da matar kawu.

Na yi lallashi, na yi wa'azin asibiti, ƙarshe na yi faɗa. "Haba Mama! Kawu da ke share coci tun ba a haife ni ba, shi ne mai zunubin?"

Ta ce, "Ke dai je ki aikinki."

Wata rana na dawo daga aiki na same ta zaune a ƙasan kicin, jiki na rawa, zufa na zuba, jariri na ta ihu a ɗaki. Na ɗura mata lemo da ƙarfi. Da ta dawo hayyacinta sai ta fashe da kuka, wai na karya mata azumi. Ranar na ji tsoro sosai. Na ga zan rasa uwata a kicin ɗina, bayan bindiga ba ta same ta ba.

Na ja mota sai Mitchellville. Duk tsawon hanya ina shirya jawabi, har da ayoyin da zan kayar da Baba da su, ni da rabin karatuna a waya nake yin sa lokacin hutun aiki. Da na isa, jawabin ya gudu. Gaisuwa ma a tsaye na yi ta. Na ce, "Baba, ku zo ku kwance abin da kuka ɗaure, uwata za ta mutu."

Ran Lahadi bayan sujadar coci ya zo. Na zauna ina jira ya ce ya yi kuskure. Ina! Sai ya shiga ba Mama labarin nasu garin da aka ƙone shekaru kafin namu, da ƙanwarsa da ba a ko ga gawarta ba. Ya ce, "Mama, in na ce babu hannun Allah a ciki, to daga mu sai masu bindiga ke nan. Zuciyata ba za ta ɗauka ba."

Mama ta gyaɗa kai, ta juyo gare ni. "Abin da ba ki gane ba ke nan. Waɗancan da aka kwasa zuwa Babila ai sun koma gida daga baya. In hukunci ne, yana da ranar ƙarewa, zan koma ɗakina. In ba hukunci ba ne, wa zai mai da ni?"

Ni ina ta ƙoƙarin ƙwace mata maganar da nake gani tana kashe ta, ashe maganar ce ta riƙe don ta ga gida.

Baba ya buɗe wani wurin, inda wani annabi ya aika wa waɗanda aka kwasa cewa su zauna a garin da aka kai su, su yi lambu su ci abin da ya fito, su kuma yi wa garin addu'a har ranar komawa ta zo. Ya ce, "Kin ji, Mama. Shuka aka ce a yi, a ci. Ba a ce a kashe kai da yunwa ba."

Mama ta sa ya maimaita. Ta kuma sa na ɗauko nata littafin na karanta mata da bakina, kada ya zama haɗa baki muka yi. Sannan ta ce, "Akwai sauran tuwon jiya?"

Wata Hajiya 'yar Kumasi mai shago a Wheaton ce ta samo mata irin yakuwa da kuɓewa. Baranda ta cika da bokitan shuka, har maƙwabta na leƙowa. Rigar sanyin ma ta sa, tana mita. Sai da ta haura shekara a wurinmu kafin mutanen garinmu su fara komawa, kuma ranar da ta ji labari ta soma ɗaure kaya.

Da ta isa ta kira ni. Ina jin zakara da ƙarar turmi a bayanta, ana kuma buga kwano a kan wani rufi. Ta ce, "Mun dawo, 'yata. Namu ya ƙare. Ke fa, yaushe?"

Na yi dariya na ce, "Mama, ni ai ba kamo ni aka yi ba, da ƙafata na zo."

Har yau ban yarda cewa don zunubin garinmu aka kashe kawu ba, kuma na faɗa wa Baba haka ido da ido, muna nan muna gaisawa lafiya. Amma na daina yi wa masu faɗar haka kallon marasa tausayi. In karatu ya kawo mu wurin da aka ce za a tattaro waɗanda aka kwasa a mai da su ƙasarsu, nakan miƙa wa na kusa da ni littafin ya ƙarasa, don muryata ba ta kaiwa. Ina kewar gida ƙwarai. Mama tana da wanda take jira ya ce mata lokaci ya yi. Ni ba wanda ya kore ni, ba kuma wanda zai zo ya ce in tashi. Duk Kirsimeti nakan ce mata baɗi. Yanzu ta daina tambaya.