Wandon Roba na Baban Yara

Ko na tsufa har na fara manta inda na ajiye carbina, ba na jin zan manta da wannan al'amari. Da wata 'yar ƙara ya fara. Ina tsugune a kicin bayan sallar asuba ina dama koko, sai na ji ɗas daga ɗaki, kamar an ja roba an saki. Na dakata da ludayi a hannu. Can na sake jin ɗas, sai kuma nishi. Na zaci ɗaya daga cikin yaran ne ya samo danƙo yana wasa da sassafe, na miƙe da shirin faɗa.

Baban yara na tarar tsaye gaban madubina. Daga ƙugu har idon sawu yana cikin wani baƙin wando mai sheƙi da ya manne masa kamar da shi aka haife shi. Yana jan bakin wandon ya hau kan tumbi, wandon yana zamewa ya koma da ƙara. Mutumin da ko ɗaurin auren bayan layi ba ya zuwa sai da babbar riga da hula. Na yi salati a hankali, na tura ƙofa kada yara su leƙo.

Na ce, "Malam, mene ne wannan?"

Ya ce, "Kayan aiki ne. Kowa a wurin motsa jikin shi yake sawa. Koci, mai horar da mu, ya ce yana riƙe jijiya."

"Jijiya kaɗai yake riƙewa? Ai babu abin da ya bari."

"Ke da kike zuwa Islamiyya, al'aurar namiji daga ina zuwa ina? Cibiya zuwa gwiwa. To dubi nan, har idon sawu na rufe. Na ma yi ƙari."

Na ce masa ai fatar jikinsa ma ta rufe daga cibiya zuwa gwiwa, amma ba a fita da ita. Ya yi kamar bai ji ba, ya zura jallabiya a kai, ya ɗauki makullin mashin ya fice.

Gaskiya ni ce na tura shi wurin. Shagon shadda da atamfa gare shi a kasuwa, wuni yake zaune, daga shayi sai lemo. A farkon shekarar nan jiri ya kwashe shi a shago, aka kai shi asibiti, likita ya ce hawan jini ne ga kuma suga ya fara leƙowa. Ya ce magani kaɗai ba zai yi ba, sai ya motsa jiki, in ba haka ba a shirya wa shanyewar ɓarin jiki. Ni na ji wannan magana da kunnena, na kuma dawo gida da ita a ƙirji. Na yi roƙo, na yi fushi, na yi addu'a, har dai ya yarda ya shiga wani gidan motsa jiki na maza da aka buɗe a saman wasu shaguna nan cikin Daura. To yanzu ga shi ya fara zuwa, sai in tsaya rigimar wando? Na haɗiye. Kuma abin ya karɓe shi. Kumburin ƙafa ya saɓe, minshari ya ragu, ya daina riƙe bango in zai tashi daga tabarma.

Ni dai abin da na ɗaukar wa kaina shi ne, wandon nan ba zai hau igiyar tsakar gida ba. A bayan ƙofar banɗaki nake shanya shi, kamar kayan sata.

Ana haka damina ta faɗi, Inna ta zo daga garin Babban Mutum ganin likitan ido. Inna mahaifiyarsa ce, shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye in da wani a wurin. "Wancan" take ce masa. In tana son ya ji abu, ni take gaya wa ko da yana zaune a gefenta. Amma kada wannan kawaici ya ruɗe ku. Kalma ɗaya Inna ta yi yana yaro ya bar ƙwallo har abada. Ba ya tsallake maganarta, kuma duk wani tsalle-tsalle na babban mutum a wurinta zubar da girma ne. Na san in ta ji ɗanta mai furfura a gemu yana zuwa wani bene yana gudu a kan inji cikin wannan shiga, za ta ce kul, shi ke nan kuma an gama.

Wata rana garin ya kwana da laima, wandon ya ƙi bushewa a banɗaki har ya fara wari. Da rana ta ɗan leƙo na fito da shi na rataya a igiya, na lulluɓe shi da zanina yadda muke yi wa ƙananan kaya. Na tayar da sallar azahar, ina raka'a ta biyu hadari ya taso. Ina jin Inna, baiwar Allah, ta fito tana kwashe min shanya. Allah ya yafe min, sauran raka'o'in nan ban san yadda na yi su ba.

Na sallame na same ta a baranda, ta riƙe wandon da yatsu biyu nesa da jikinta. Wandon roba in ba a jiki yake ba ƙanƙancewa yake, sai ka ce na 'yar shekara goma.

Ta ce, "Zo nan, 'yar nan. Irin wannan na gani a jikin 'yan mata wurin biki, har na kau da kai. A gidan wancan kuma? Ke da 'ya'ya sun fara tasawa?"

In ce nawa ne, na yi ƙarya. In ce nasa ne, na tona masa asiri gaban uwarsa, na kuma rufe masa ƙofar benen. Na sunkuyar da kai na yi shiru, ita kuwa ta ɗauki shirun a matsayin amsa. Ta ninke wandon ta cusa can ƙasan jakarta, ta ce ba zai ƙara kwana a ɗakina ba.

Washegari da asuba ya birkice ɗaki yana nema. Na gaya masa inda yake. Ya zauna a bakin gado ya riƙe kai.

Na ce, "Ka je ka gaya mata naka ne."

"Ni? Rufa min asiri. Ke dai ki daure, kwana nawa za ta yi?"

"To ka sa wani wandon ka tafi."

"In shiga cikin samarin wurin da wandon shadda? Su mayar da ni abin dariya?"

Na ce ya sayo wani. Ya ce in ta sake kamawa fa? Daga nan na gane har da daɗin samun uzuri. Ya ja bargo ya koma barci.

Kwanakin da suka biyo baya, ni kaɗai na san abin da na haɗiya. Kullum da safe in na durƙusa gaisuwa, bayan an tambayi kwana sai wa'azi ya biyo. Mace da kunya aka san ta. Matan birni sun ɗauka boko ya ɗauke musu hisabi. In zan fita unguwa sai ta ce in ɗaga hijabi ta ga abin da ke ƙasa, ni da ko ƙofar gida ban taɓa leƙawa babu mayafi ba. Wata maƙwabciyarmu ta shigo gaishe ta, ina daga kicin ina jin Inna ta rage murya tana ba ta labari, matar tana cewa, "Ikon Allah, ga ta kamar ba za ta aikata ba." Shi kuwa mai wandon yana zaune a tabarma, hula a goshi, Inna tana turo masa fura da ta sha suga da tuwo yana iyo a man shanu, wai ya rame. Ko sau ɗaya bai ɗaga kai ya ce a sassauta min ba. Wani lokacin ma har gyaɗa kai yake in wa'azin ya yi daɗi. Ranar da na ga wannan gyaɗa kan, sai da na shiga ɗaki na yi ta istigfari kafin zuciyata ta sauka.

Duk wannan da zan iya jurewa har ta tafi. Amma likitan ido ya ƙara mata kwanaki, ƙafar Malam kuma ta soma komawa yadda take. Takalminsa ya fara matse shi. Ya dawo da riƙe bango. Ran nan bayan la'asar sai ga wani maƙwabci ya rako shi har zaure yana riƙe da kafaɗarsa, wai yana ɗagowa daga sujada ya ga masallaci yana juyawa. Muka zaunar da shi a baranda, na ba shi maganinsa. Inna ta tsaya daga nesa tana jan carbi da sauri, kunyar ɗan fari ta hana ta matsowa, amma ba ta ɗauke ido daga kansa ba.

Da ya dawo hayyacinsa na je gabanta na durƙusa. Yana ta yi min alama da ido, na ƙi kallonsa.

Na ce, "Inna, ki gafarce ni. Wandon nan da ke jakarki ba nawa ba ne. Na Baban yara ne."

Ta dube ni kamar na yi wani yare. Ta shiga ɗaki ta fito da shi, ta ɗaga, ta dubi wandon, ta dubi tumbin ɗanta ta gefen ido.

"Wannan? Ta ina?"

Na kama ƙafa ɗaya ta wandon, ita tana riƙe da ɗayar, na ja. Ya yi ta miƙewa har na kusa kai bakin rijiya. Sannan na gaya mata komai, maganar likita da shanyewar jiki, da benen, da yadda ya samu sauƙi, da yadda ya daina zuwa tun ranar da ta kwashe shanya. Na gama na jira kul ɗin da nake tsoro.

Can ta ce, "Akwai mata a wurin?"

"Babu, Inna. Maza ne zalla."

"Kuma haka suke tsayawa suna kallon juna?"

"Har da madubai a bango, in ji shi."

Ta yi tsaki mai tsawo. Sai ta juya masa baya sosai, ta fuskance ni, alhali da ta miƙa hannu za ta taɓa shi.

"Ki gaya wa wancan, gobe da asuba ya koma. Ban haife shi don in zauna karɓar gaisuwar mutuwarsa ba."

Na juya na ce, "Malam, Inna ta ce gobe ka koma."

"Ki kuma gaya masa, namiji ma ɗan'uwansa namiji yana da haƙƙin ido a kansa. Ubansa ya yi noma har ƙarfinsa ya ƙare, gumi yana zuba kamar ruwa, ban taɓa jin an san surar cinyarsa a gona ba. In wannan abin magani ne, a sha shi a ɓoye kamar kowane magani. Ya ɗora wando a kai."

Ya yi ƙasa da murya ya ce min, "Ki ce mata akwai zafi wurin. Kuma faɗin wando yana kama inji."

Ban ma buɗe baki ba ta ce, "Ki ce masa na ji. Ki ce masa a rage tsawon, a bar faɗin."

Haka na zauna a tsakiyarsu ina kai magana ina dawo da ita, mutum biyu a tabarma ɗaya, har aka kira magariba. A daren nan aka kai wa tela yadi mara nauyi, Inna da kanta ta gwada faɗin da hannuwanta, irin wandon da mahaifinsa yake shiga gona da shi, ya ɗan wuce gwiwa. Ya koma benen. Samarin wurin sun yi dariyar da yake tsoro, har suka sa masa Sarkin Noma, ya dawo yana ta ƙunƙuni. Dariyar ba ta kashe shi ba. Yana zuwa har yau, ƙafarsa kuma lafiya lau.

Inna ba ta ce min in yi haƙuri ba, ban kuma sa rai ba. Abin da ta yi shi ne ta aika aka kira maƙwabciyar nan, ta ce mata maganar rannan a bar ta, kuskuren ido ne, ai dama ido ya kawo ta. Matar ta ce to, amma har yanzu in mun haɗu a gidan suna sai ta saci kallon ƙafafuna.

In an tambaye ni yau ko matsattsen wando a jikin namiji abin ƙi ne, ba na dogon bayani. Motsa jiki alheri ne, na ga amfaninsa a gidana. Amma tufar da ta zana mutum kamar yadda yake ba ta suturta shi ba, ko a jikin wa take. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, wando ɗaya ne bai canza ba. Da aka zaci nawa ne na sha wa'azin makonni har da shaidar maƙwabta, da aka gane nasa ne magana uku aka yi aka kira tela. Na koyi cewa sutura ba a kan mata kaɗai aka saukar da ita ba, mu ne dai muka saba tsayawa a duba mu.

Ranar da zai fara fita da sabon wandon, Inna ta zauna a kujerarta bakin baranda ta ce in gaya masa ya ɗaga jallabiya. Ya ɗaga. Ta ce in ce ya juya. Babban mutum da gemunsa ya juya a tsakar gida, makullin mashin a hannu, sannan ta gyaɗa kai ya wuce. Autata, 'yar shekara shida, tana tsaye da kofin koko tana kallon komai. Ta matso ta ja min zani, ta ce, "Umma, ashe Abba ma sai an duba shi kafin ya fita?"