Doguwar Sujadar Inna

Inna ta ƙare ƙuruciyarta a duƙe gaban wutar banda a bakin ruwan Yelwa, tana juya kifi. Ƙugunta ya daɗe da gajiya tun kafin ta zame a cikin kwale-kwale wata ranar kasuwa. Likita ya rubuta mata tiramol na ɗan lokaci. Ni ce 'yarta ta fari, ni na karɓo.

Magani ya yi aiki, wallahi. Matar da ke sallah tana cije leɓe ta koma kai goshinta ƙasa ba ko nishi. Dama abin da ya dame ta ke nan, ba kasuwa ba. Da maganin ya ƙare, ba wanda ya koma asibiti. Fankon kwalin ake kai wa mai kemis a ce, "Irin wannan." Damina ta bi damina, ƙwaya ɗaya ta zama biyu.

Sai sujadarta ta fara tsawo. Mu fa murna muke! Jikoki su shigo da hayaniya a kore su: "Kai, shiru, Inna na ganawa da Ubangijinta." Maƙwabta har aikowa suke ta sa su a addu'a.

Wata la'asar na yi tankaɗe, na tuƙa tuwo, na dawo tana nan yadda na bar ta. Na taɓa kafaɗarta, sai ta ɓingire gefe, numfashi jefi-jefi. Ashe duk barcin magani ne. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Likitar da ta duba ta ta ce kar a yanke shi lokaci guda, a riƙa ragewa sannu a hankali. Ciwon zai dawo, sai dai ta yi sallah a zaune.

"A zaune? Kamar mai jiran jirgi?" Inna ta fashe da kuka, na taya ta.

Watannin nan mun sha wuya: gumi, hamma, faɗa da kowa har da kaji. Na wanke mata kujerarta ta wurin banda, a kanta take sallah yanzu, tana ɗan sunkuyar da kai.

Rannan na tambaye ta ko tana kewar sa goshi a tabarma.

"Ina kewa mana, ɗiyata," ta ce. "Amma can baya ban san mi nika faɗi ba. Yanzu ƙugu na ciwo, ni kau na san raka'ar da nike."