Agogon Ruwan Zafi na Baffa

Ƙas! Ƙarar da na ji ke nan jiya a gidan maƙwabciyata, wani ɗan agogo a bango ya kunna hitar tankin wanka. Ita ko kai ba ta ɗaga ba. Ni kuwa sai da na ajiye kofin da ke hannuna, don na san ƙarar nan tun ina 'yar firamare, kuma wallahi ba na ƙaunarta.

Kakata ce ta riƙe ni a Nasarawan Doya. Tsohuwa ce mai ciwon gaɓoɓi, yatsunta duk sun lanƙwashe kamar citta. Kullum kafin asuba tukunyarta na kan murhu, ta ɗiba ta surka a buta ta yi alwala. Ba ta da wani jin daɗi a duniya da ya wuce wannan, sai goro.

Da Baffa, babban ɗanta, ya gama gininsa a Makarfi, ya zo da mota ya kwashe mu. Mutane suka yi ta sa masa albarka. Gida kam ya haɗu, fenti fari tas. A bayan banɗaki akwai tanki da hita a cikinsa, a jikin bango kuma ga agogon nan mai ƙananan haƙora kewaye da shi. Haƙorin da aka danna, lokacinsa ne hita za ta kama. Baffa ya danna na bayan fitowar rana, daidai wankansa na tafiya ofis. Ya rufe agogon da akwatin ƙarfe, ya sa kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu. Murhu kuma ya hana, wai hayaƙi zai ɓata fenti. Kicin mai gas ana kulle shi bayan isha'i.

Ka san sanyin marka, wanda ba ya ihu, sai dai ya shiga ƙashi ya zauna. Da asuba nakan ji Kaka tana zuba ruwa a hannu tana jan numfashi ta haƙora. Sau ɗaya ta roƙe shi, a gabana.

"Ɗan nan, ka matso mini da abin nan zuwa asuba mana."

"Inna, nan ba ƙauye ba ne. Komai da tsarinsa. In aka taɓa shi zai rikice."

Haƙori ɗaya fa zai danna, jama'a! Kuma abin da yake tsoron ya rikice, kullum a rikice yake. Da an ɗauke wuta agogon ya tsaya, in an dawo da ita ya ɗora daga inda ya tsaya, sai ka ji hita ta kama da tsakar rana, ba mai bukata. Baffa ya dawo, ya buɗe kwaɗo, ya gyara shi daidai da agogon hannunsa, ya mayar ya rufe. Yatsansa yana wuce haƙorin asuba kamar bai gan shi ba.

Kaka ta sa na sayo mata gawayi, muna hurawa a kasko cikin ɗaki. Ba mu daɗe ba Baffa ya hango baƙin hayaƙi a silin, ya ɗauki butarta ya kashe garwashin da ita. Gwaggo, ƙanwarsa, ta ce wa Kaka ta riƙa yin taimama. Kaka ta ce, "Ina kallon ruwa in shafa ƙasa?" Daga nan ta koma kwana da buta a cikin zanenta, rungume a ciki, don jikinta ya kashe wa ruwan sanyi. Ina jin yadda take rawar ɗari kafin ruwan ya saki.

Tari ya kama ta a damina ta biyu, ba ta kai lokacin girbi ba. Ranar da ta rasu akwai wuta. Mata suka taru za a yi mata wanka, aka ce a nemo ruwa mai ɗumi, gawa ma tana jin sanyi. Baffa ya tashi da kansa, idonsa jajir, ya buɗe kwaɗon nan a gaban mutane, ya danne haƙoran gaba ɗaya. Ruwa ya fito yana tururi, bokiti bayan bokiti. Gwaggo ta tsoma hannu, ta zare, ta dube shi.

"Yaya, a surka sosai. Inna ba ta saba ba."

Yanzu an ce da waya ma ake kunna hita, mutum yana Kaduna ya kunna ta Makarfi. Tankin Baffa ya daɗe da tsatsa. Shi ma ya tsufa, ciwon uwarsa ya gada, buta ma da ƙyar yake ɗagawa. 'Ya'yansa duk suna birni. In na je gaishe shi na kwana, ni ke dafa masa ruwan asuba, in surka daidai, in ajiye a gabansa. Yana sa mini albarka, ina cewa amin. Amma ba na tafiya. Nan nake tsayawa a kansa ina kallonsa har ya wanke ƙafa, shi kuma bai taɓa iya ɗago ido ya dube ni ba.