Karen da Aka Yi wa Tsifa

Shekarar da na samu na ɗauko Inna daga unguwar Gyallesu, ita ce shekarar da karenmu ya ga damar fara wari. Yanzu in na tuna yadda abubuwan biyu suka haɗu a damina ɗaya sai in yi ta dariya ni kaɗai, amma a lokacin ko murmushi ban yi ba.

Inna mahaifiyata ce. Tun rasuwar Baba take zaune ita kaɗai a tsohon gidanmu na ƙasa, ɗaki yana yoyo, gwiwoyi sun fara ƙin ɗaukarta. Yayana yana can Fatakwal wurin aiki, ni ce a kusa. Na yi magiya, na yi fushi, na aika dattawa, ta kafe kai da fata ita ba za ta zauna a gidan suruki ba. Sai da santsi ya kwashe ta a bakin rijiya, ta daɗe a ƙasa kafin maƙwabta su ji kiranta, sannan ta yarda ta biyo ni Tudun Wada. Ko yardar ma da sharaɗi ta yi ta: kafin ƙafa ta warke. Akwatinta na ƙarfe ta sa aka ajiye a bakin ƙofar ɗakin da na gyara mata, a kulle, makullin a ƙulle a bakin zaninta. Kaya kala biyu kawai ta fitar, ta wanke wannan ta sa wancan. Kullum in na shiga gaishe ta akwatin nake fara gani.

Shi kuwa karen gadonsa muka yi daga maƙwabcinmu, wani Ibo mai shagon kayan wuta, mutumin kirki. Da zai koma garinsu ya rasa yadda zai tafi da shi, ya roƙi maigidana ya riƙe. Ƙaton kare ne irin na ƙasashen sanyi, gashi buzu-buzu har ba a cika ganin idonsa ba. Maigidana aikinsa na yawan tafiya ne, gidanmu kuma shi ne ƙarshen layi, sai muka karɓe shi don gadi. A lungun baya yake zaune, ƙarƙashin rumfar kwano, ba ya taka tsakar gida balle ɗaki. Ni da na tashi ina tsallake kwata in na hango kare, sai ga ni ina ajiye masa ƙanzo da ƙashi. Tun zuwansa ba a sake ɗauke mana ko bokiti ba, ina barcina har da minshari.

Duk rani lafiya lau muka yi da shi. Ruwa na zaunawa sai wani wari ya fara tasowa daga lungun, mai nauyi, irin wanda ke manne wa mutum a maƙogwaro. Tsautsayi kuma, tagar ɗakin Inna lungun take kallo. Na dai lura ta fara rufe taga duk zafin da ake yi kafin hadari, daga nan ta janye sallayarta zuwa bakin ƙofa, kusa da akwatin. Ran nan na kai mata koko, ta karɓa ta ajiye ba ta sha ba.

"Ke," ta ce, don ba ta kiran sunana, "ni fa ba zan iya salla da wannan abu a hancina ba. Ƙafa ta yi sauƙi. Ki sa a nemo min keke mai ƙafa uku in koma ɗakina."

Ƙafar da ko tsakar gida ba ta iya tsallakawa sai da sanda. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, yau ɗin nan za a fitar da shi daga gidan." Har cikin raina kuwa na faɗa, ko da na san zan yi kewarsa.

Sai ta ɗago ta dube ni. "A'a. Don ni ba za a kori mai gadin gidan suruki ba. Shi na tarar, ni ce baƙuwa. In kin kore shi ma tafiya zan yi."

Inna kenan. Ta toshe nan ta toshe can, ta bar min ƙofa ɗaya: warin ya tafi, ko ita ta tafi.

Na zage damtse. A tunanina wari dauɗa ce, maganin dauɗa kuwa ruwa da sabulu, haka aka koya mana tun muna yara. Na ware tsohon zane da tsohuwar riga na aikin kare kawai, na sayi safar hannu ta roba. Kullum da yamma in na dawo daga shagona sai in ɗaure shi a jikin turken rumfa, in zazzaga masa garin sabulun wanki, in dirje shi kamar bargo, in kwara masa ruwa bokiti bayan bokiti. In goge shi da tsohon tawul, in taɓa bayansa in ji ya bushe, in tafi in yi nawa wankan ina jin na yi abin kai. Kashegari da safe warin ya ɗan lafa, kafin la'asar ya dawo da ƙannensa. Na ƙara sabulu, na ƙara ruwa. Shi kuma bawan Allah ya koma susa ba dare ba rana, yana goga jiki a bango yana kaɗa kai.

Da wanka ya gaza, sai na koma ga abin da kowace mace a layinmu za ta koma gare shi. Akwai wata maƙwabciyata 'yar Barno da ta ba ni turaren wuta mai kyau, irin wanda ake ɓoyewa sai ranar biki. Na ce tunda yana kama atamfa ya yi mako bai fita ba, me zai hana ya kama gashi? Na zuba garwashi a kasko, na barbaɗa turaren, na kifa kabbasa a kai, wannan kwandon da muke shanya kaya a kansa hayaƙi ya ratsa su. Kare dai ba ya hawa kabbasa, don haka na ja ta gab da shi, na lulluɓe su tare da tsohon zanin gado, ya rage kansa kawai a waje. Ya yi atishawa, ya dube ni ta cikin gashin nan, ya sake yin wata. Abin da ya fito daga ƙarƙashin zanin nan ban taɓa jin irinsa ba. Warin yana nan daram, ga ƙamshi ya hau kansa ya zauna, kowanne yana ƙara fito da ɗan'uwansa. Ni kaina sai da na toshe hanci.

Ƙwas, ƙwas, na ji ƙarar sanda a bayana. Inna ce, wadda tun zuwanta ba ta taɓa leƙa lungun ba.

"Wace marar hankalin ce take ƙona turaren amare a kan kare?"

Ta tsaya a bakin lungu, ba ta matso ba, ta kare hanci da gefen mayafi. Can sai na ga ta sauke mayafin, ta ɗan ɗaga kai ta ja iska, ta sake ja.

"Tsaya," ta ce. "Wannan ai ba warin kare ba ne. Tsamin kai ne."

"Tsamin kai kuma, Inna?"

"Cire wannan robar ki buɗa gashin. Kai yatsa har ƙasa, inda fata take."

Na cire safar, na raba gashin wuyansa. Sama a bushe yake ƙayau. Ƙarƙashinsa kuwa akwai wani gashin daban, gajere mai laushi, ya dunƙule ya cure kamar audugar katifa da ta sha ruwa, a jiƙe sharkaf, da ɗumi. Fatar ta yi ja, tana maiƙo. Ruwan wankan jiya yana nan, na shekaranjiya ma yana nan. Ashe duk wankan da nake yi ƙara wa abin taki nake yi.

"Kai biyu na sani masu wannan tsamin," Inna ta ce, "nasa da naki. Kin manta lokacin da kike wanke kai ki ɗaure shi da ɗankwali a jiƙe, ki gudu makaranta don kada in taje miki? Sai na bi ki da hanci na kamo ki."

Ban manta ba. Gashina irin mai cika ne, mai taurin tsiya, kuma na sha ranƙwashi a kansa.

"Ba wanka yake so ba. Tsifa yake so, a taje shi, rana ta shiga."

Ta juya ta koma ɗaki, na bi ta a baya ina tsoron kada maganar keke ta dawo. Sai na ga ta kwance bakin zani ta ciro makulli. Ta buɗe akwatin, ta fara fito da kaya tana jibgewa a kan gado: zannuwa, mayafai, carbin Baba, ƙullin kanwa, kwanon shan furarta. Abin da take nema yana can ƙarƙashin komai. Tsohon matajinta ne na katako mai manyan haƙora, wanda ya san kaina fiye da kowa.

"Ungo. Amma in ya taɓa shi ya zama nasa, kada ki kuskura ki dawo min da shi ɗaki."

Kashegari ban buɗe shago ba. Rana na fitowa na jawo shi fili, Inna ta buɗe tagar da ta daɗe a rufe, ta sa kujera ta zauna tana ba da umarni. Daga ƙarshe ake farawa, ba daga tushe ba. A raba shi layi-layi. Inda ya cure ya ƙi, a sa almakashi, kada a fizga. "Da hannu kike yi ko da ƙafa?" Shi kuwa gogan da ya ji iska ta fara shiga jikinsa sai ya baje a ƙasa, ya miƙe ƙafafu, ya lumshe ido. Aikin ya ci safiya da yawa. Mataccen gashin da na fitar ya cika buhun shinkafa, karen ya rage girma har maigidana da ya dawo ya tsaya yana tambaya ko an canja mana shi ne.

Warin ya ragu sosai, amma da saura, kuma bai daina kaɗa kai ba. Maigidana ya kira wani likitan dabbobi daga wajen unguwar Kongo, ya zo a kan babur. Ya duba haƙoransa, ya duba ƙarƙashin wutsiya, ya ce nan lafiya. Da ya ɗaga kunnen sai ga sauran warin a ciki, baƙin datti ya cika shi, ruwan da nake kwarawa ne ya shiga ya kwanta. Ya ce irin waɗannan karnuka gashi biyu gare su, na ƙasan in ya jiƙe a damina ba ya bushewa da kansa, danshi da ɗumi kuwa su ƙwayoyin cuta irin na funfuna suke so. Sabulun wanki kuma yana kwashe man fatar, ta yi ƙaiƙayi, ta ƙara fitar da maiƙo. Ya ba mu maganin ɗigawa a kunne da sabulunsu na karnuka, ya ce wanka sai jefi-jefi, da safe, ranar da akwai rana, a toshe kunne da auduga, a busar har fata. Tajewa kuwa kullum in da hali, a kuma ɗora masa katako ya daina kwana a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Ai na faɗa mata," in ji Inna daga taga. Maganar kunne ba ta faɗa ba, amma ba wanda ya yi gigin tuna mata.

Kafin a fara cin sabuwar masara lungun ya koma warin ƙasa da ruwa kawai. Kayan da ta jibge a kan gado kuwa, ranar da ta fito da matajin na kwashe su na jera a durowa, wai don ta samu wurin kwanciya. Ta gan ni sarai, ta kau da kai. Na yi ta jiran ranar da za ta ce a mayar, ranar ba ta zo ba. Har yau tana ce masa "wancan abu", ba ta taɓa kai hannu jikinsa ba, amma in an ci nama ita take tara ƙashi a gefen kwano ta tura min ba magana.

Wata safiya na gama taje shi, na wanke hannu, na canja kaya, na shiga ɗakinta. Bakin ƙofa fayau. Akwatin yana can saman durowa, ta sa maigidana ya ɗora mata, surukin da take jin nauyin haɗa ido da shi. Ta nuna min tabarma a gabanta.

"Zo ki zauna. Kin gyara na kare kin bar naki. Wannan kitson ya isa tsifa tun tuni."

Na zauna a tsakanin gwiwoyin nan masu ciwo, da furfurata da komai, ta zare min ɗankwali. Hannunta ya rage ƙarfi, amma ranƙwashin yana nan yadda na san shi. Daɗi ya cika ni har hawaye suka zubo. Ta ce in daina raki, ai ko karen bai yi kuka ba.