Ranar da Aka Miƙa Ƙanena a Coci

Ina aji biyu a sakandare aka haifa mini ƙane na uku. Biyun farko ba su kai yaye ba. Na farkon ban riƙe kamanninsa ba, amma ina tuna bakin na biyun, yadda wani farin abu kamar kindirmo ya lulluɓe masa harshe, Mama ta goge, washegari ya dawo. Mu 'yan matan gidan kuwa ko zazzaɓi ba ya daɗewa a jikinmu.

Shi ya sa da aka haifi wannan, Mama ba ta jira ba. Ta kai shi babban asibiti a Sakkwato, kamar yadda likitan da ya duba na biyun ya umarce ta. Da ta dawo gidanmu a Rikoto, ta yi wa Kaka, mahaifiyar Baba, bayani a tsakar gida, ina gefe ina tsince shinkafa.

Ta ce a jinin kowa akwai fararen ƙwayoyi masu tsaron jiki, kuma iri-iri ne. Akwai irin da aikinsa shi ne ya gane cuta idan ta shigo, ya tashi sauran su yi faɗa da ita. Jikin yaron ba ya ƙera wannan irin. Sauran suna nan, amma babu mai nuna musu abokin gaba. Abin da ke kare shi yanzu guzuri ne da ya ɗebo daga jininta tun yana ciki, kuma cikin 'yan watanni zai ƙare. Ko allurar rigakafin da ake yi wa jarirai a kafaɗa an hana, domin raunanniyar ƙwayar da ke cikinta ma ta fi ƙarfinsa. Magani sai dashen ɓargo, a wani wuri mai nisa da likitan yake neman mana hanya. Kafin nan, kada jama'a su riƙa ɗaukarsa.

Kaka ta ce, "To ina ya samo wannan abu?"

Mama ta ce, "A wurina, Mama. Ta jikin mata yake bi, maza yake kamawa."

Sai na tuna Mama ba ta da ɗan'uwa namiji ko ɗaya da ya girma. Ban ɗaga kai daga faifan ba.

A wurinmu, mai zuwa barka sai an ɗora mata jariri a cinya, in ba haka ba kamar an kore ta ne. Mama ta ajiye kwano da sabulu a ƙofar ɗaki, masu barka kuma ta ɗaga musu shi ta taga. Wata maƙwabciya ta ce, "Ɗan gwal aka haifa ke nan." Aka yi dariya, amma ba ta sake shigowa ba. Kaka takan tsaya a tagar ta ce, "Mijina, sun kulle ka don kada in gudu da kai, ko?" Shi kuma ya buɗe mata dadashi yana harba ƙafa. Ya yi ƙiba, wuyansa har ninki biyu. Wanda ya gan shi ba zai yarda da maganar likita ba.

Bayan an yanke dawa Baba ya zo hutu daga bariki. Dattawan coci suka tare shi da zancen cewa har yanzu ba a miƙa yaron ga Allah ba. Mama ta ce Pasto ya zo gida ya yi addu'ar.

Baba ya ce, "Biyun can a gaban jama'a muka miƙa su. In wani abu ya sami wannan, me zan ce na yi masa?"

Suka daidaita cewa Pasto kaɗai zai riƙe shi, bayan ya wanke hannu. Ranar a coci ya kuwa wanke, a gaban kowa, har gwiwar hannu.

Ina benci na 'yan kwaya, wato mawaƙan coci, wanda ya ɗan fi sauran tudu. Pasto ya gama addu'a, aka ce amin, matan zumuntar coci suka buga tulu da caki, suka taso da rawa. A cocinmu, uwar zumunta ce take karɓar jariri daga Pasto, a bi da shi hannu zuwa hannu har ya isa ga uwarsa. Pasto ya yi hakan shekara da shekaru. Ya juya ya miƙa shi kafin ya tuna.

Na ga hannuwan. Wani ya tsattsage da ƙaiƙayin dawa, wani da tsumma ɗaure a yatsa. Wata ta hura masa iska a fuska don ya yi dariya. Mama tana kutsawa cikin masu rawa tana magana, kiɗa ya danne muryarta. Kaka ce ta ƙarshe. Ta manna shi a kumatunta, idonta a rufe, ta daɗe a haka.

Ba a yi mako biyu ba ya fara tari. Sai gudawa, sai farin abin nan a harshe. A Sakkwato likita ya ce wa Mama mai yiwuwa daga ranar ne, mai yiwuwa kuma guzurin ne ya ƙare, da ma ko ƙurar ɗaki ta isa. Da Mama ta dawo, ta sauko daga mota ita kaɗai, da zanen goyo a naɗe a hammata.

Matan zumunta sun zo da abinci, sun yi kuka na gaskiya. Babu wanda ya ambaci cocin.

Bayan Baba ya koma aiki, wata rana da hantsi ina ɓare gyaɗa, Kaka ta zauna kusa da ni. Ta yi mini magana da yarenmu, a hankali.

"Ke da ba ki magana, komai kina gani. Ranar nan a coci, ina yin tari ne?"

Ina tuna launin ɗankwalinta. Ina tuna tsumman da ke yatsan matar can, shuɗi ne. Amma wannan na neme shi a kaina na rasa, kuma har yau ina nema.

Na ce, "Ban sani ba, Kaka."

Ta jinjina kai, ta jawo ƙwaryar gyaɗar gabanta, muka ci gaba da ɓarewa.